ƘARYA A WAYA: WA ZA A BA MUDU?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, musamman mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni da masu rumfuna a kasuwanninsu, akwai wata magana da manya ke juyawa a Abuja shekara da shekaru, wadda duk sa'ad da zaɓe ya gabato sai a sake zaro ta daga aljihu. Maganar ita ce wai a kafa doka ta hana yaɗa ƙarya a Facebook da WhatsApp da TikTok da sauransu, domin kada maƙaryata su ɓata zaɓe. Kowa ya ji wannan da farko sai ya ce madalla, gama babu ɗan halal da ke son ƙarya. Mu ma mun yarda ƙarya cuta ce, muna kuwa son a yi mata magani. Tambayarmu guda ce tak: in an kafa dokar, hannun wa za a danƙa wa mudun da za a riƙa auna magana da shi, a ce wannan gaskiya ce, waccan ƙarya?

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin nauyin wannan tambaya. Ba a taɓa ɗaukar mutumin da ke da buhunan hatsi a layi a ce shi ne zai riƙa duba mudun maƙwabtansa ba. In aka yi haka, mudunsa kullum daidai ne ko da gindinsa a loɓe yake, na abokin gasarsa kuwa kullum akwai algus. To, Gwamnati ma a lokacin zaɓe mai rumfa ce a layi. Ƙuri'ar da 'yan hamayya ke nema ita take nema.

CUTAR TA GASKE CE

Kada wani ya ce muna rage girman cutar. Wanda ya kai shekarun hankali a 2014 yana tune da daren da saƙo ya zagaya ƙasar nan cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi don maganin Ebola. Kafin gari ya waye gidaje da yawa sun bi, aka kwantar da mutane asibiti, har aka sami waɗanda suka rasu. A 2018 kuma aka baza cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya mutu, wai wani Jibrin daga Sudan ne ke zaune a fadar. Maganar ta yi ƙarfi har sai da shi da kansa, yana ƙasar Folan a watan Disamba na shekarar, ya buɗe baki ya ce shi ne ba wani ba. In ƙarya ta iya sa shugaban ƙasa ya tsaya yana tabbatar da kansa, me za ta yi wa mai neman kansila a Darmanawa ko Unguwa Uku?

Mu nan Kano mun ɗanɗana namu. An yi zaɓen gwamna ran 9 ga Maris 2019, Hukumar Zaɓe ta ce bai kammala ba, aka koma ran 23 ga wata. Abin da ya faru a mazaɓar Gama a ranar ba ɓoyayye ba ne, an ga 'yan daba, an ga jini. Amma a cikin waya sai aka gauraya hotunan gaske da tsofaffin hotuna na wasu wurare dabam. Wa ya ci ribar wannan? Wanda ya yi ta'asar. Da zarar an gano hoto ɗaya na jabu, sai ya ce ai duka jabu ne. Watau mai ƙara wa gaskiya gishiri yana taimakon azzalumi ne, ko da yana zaton yaƙarsa yake yi.

Ƙarya tana satar ƙuri'a ta hanya uku. Ta fari, a ce ana sare-sare a akwatin kaza, sai maigida ya hana iyalinsa fita, ƙuri'ar mata ta tafi a banza. Ta biyu, a ce ɗan takara kaza ya janye, ko a ɗora masa maganar da bai yi ba game da addini ko ƙabila. Ta uku, wadda ta fi muni, a buga sakamako na ƙarya tun ba a gama ƙirga ba, sai samari su yi ta murna, in na gaske ya fito dabam sai su ce an yi maguɗi, a ɗauki makami. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa, bisa ga ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch. A lokacin ma saƙon tes ne ake da shi. Yanzu kuwa an kai ga na'ura tana kwaikwayon muryar mutum, ka ji kamar shi, alhali bai taɓa faɗi ba. Mu kuwa mutanenmu da yawa da saƙon murya suke aiki, ba da karatu ba.

WA KE BIYAN KUƊIN?

Sai dai ƙaryar zaɓe ba daga sama take faɗowa kamar ruwan bazara ba. Saƙa ta ake yi, ana kuwa biyan masaƙa. Tun kafin waya ta yawaita muna da sojojin baka a gidajen rediyo, kowa kuwa ya san ba da aljihunsu suke sayen fili ba. Da waya ta zo sai aka ƙara runduna, aka sami yaran da ake saya wa data. A 2019 cibiyar CDD ta Abuja da Jami'ar Birmingham ta Ingila sun yi bincike a Kano da Oyo a kan yadda aka yi aiki da WhatsApp a zaɓen, suka iske manyan jam'iyyu suna da zauruka jere-jere, daga na jiha har zuwa na mazaɓa, waɗanda saƙo ke gangarowa ta cikinsu. A watan Janairu 2023 BBC ta fito da bincike inda wasu da suka yi aikin suka faɗa da bakinsu cewa jam'iyyu na biyan masu tarin mabiya a asirce don su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya, har a ba mutum guda Naira miliyan 20, wani kuma a yi masa alkawarin kwangila ko muƙami.

Har daga ƙetare ake hayar masaƙa. A watan Mayu 2019 Facebook ya ba da sanarwar rufe shafuka da asusai 265 na wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes Group, waɗanda ke shigar burtu kamar 'yan ƙasa suna tsoma baki cikin siyasar Nijeriya da Nijar da Senegal da Togo da wasu ƙasashe. Kafin wannan, a 2018, an tona cewa an ɗauki hayar kamfanin Cambridge Analytica na Ingila ya yi aiki a zaɓenmu na 2015, har aka yaɗa wani bidiyo mai ban tsoro don a firgita masu ƙuri'a.

To, jama'a, ku duba da kyau. Wane talaka ne a Hotoro ko Ɗaurawa ke da miliyan 20 ta ba wani ya yi ƙarya? Wane mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre ya san hanyar ofishin wani kamfani a Landan? Masu wannan kuɗi su ne masu kujera da masu neman kujera. Su ne kuma, abin mamaki, ke rubuta dokar hana ƙarya. Ashe mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

DOKOKIN DA AKA RIGA AKA KAWO

Bari mu bi su ɗaya ɗaya. A ƙarshen 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah na Kebbi ya kawo ƙudurin da ya ce wanda ya aika da kalmar ɓatanci ta tes ko WhatsApp ko Twitter a ɗaure shi shekara 2 ko ya biya Naira miliyan 2. Jama'a suka yi ca, Majalisar Dattawa ta janye shi a watan Mayu 2016. A watan Nuwamba 2019 Sanata Muhammad Sani Musa na Neja ya kawo wani, mai tarar Naira 300,000 ko ɗaurin shekara 3. Abin da ya fi tsoratarwa a cikinsa shi ne ya ba 'yan sanda ikon su ce magana kaza ƙarya ce, su sa a goge ta, har su sa Hukumar Sadarwa ta toshe hanyar intanet. Ba alƙali ba, 'yan sanda. Da aka kira jama'a sauraron ra'ayi a watan Maris 2020, mafi yawan waɗanda suka yi magana suka ƙi shi, bai kuwa zama doka ba.

Wannan ƙuduri an kwaikwayo shi ne daga dokar ƙasar Singafo ta 2019. Kun san wanda aka fara yi wa aiki da ita a can? Wani ɗan jam'iyyar hamayya, a watan Nuwamba na shekarar. Malesiya ma ta kafa irinta a watan Afrilu 2018, saura 'yan makonni zaɓe. Gwamnatin da ta kafa ta ta faɗi duk da haka, aka soke dokar a 2019. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa an yanke musu intanet na waya kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairu 2021. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mu ma an gwada mana. A watan Yuni 2021 Twitter ya goge wata magana ta Shugaba Buhari, kwana biyu bayan haka Gwamnati ta rufe Twitter a ƙasar baki ɗaya, ba a buɗe ba sai ran 13 ga Janairu 2022. Wata bakwai cur, samari da mata masu tallar atamfa da takalma da turare ta wannan hanya suka rasa ciniki, ba su ci nanin ba nanin ta ci su. A watan Yuli 2022 Kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka, amma wa ya biya su hasararsu?

WA AKE KAMAWA?

Kada a ce mana babu doka. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda sashe na 24 nata ya zama sandar dukan 'yan jarida da masu suka, har Kotun ECOWAS ta ce a gyara shi, aka yi masa kwaskwarima a 2024. Akwai kuma dokar Final Kod ta Arewa, mai hukuncin ɓata suna, tun zamanin Jihar Arewa. Abin dubawa shi ne a kan wa waɗannan dokoki ke sauka.

A watan Nuwamba 2022 wata kotun majistare a nan Kano ta yanke wa samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda sun taɓa mutuncin gwamnan lokacin, Dokta Abdullahi Umar Ganduje. A cikin watan nan dai aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda 'yar magana da ya rubuta a kan uwargidan shugaban ƙasa, aka kai shi Abuja, sai da ɗalibai suka tashi tsaye aka janye ƙarar. Da mulkin Kano ya sauya hannu ma abin bai tsaya ba: a watan Mayu 2025 Gwamnatin jiha ta ba da sanarwar hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye a gidajen rediyo. Ba mu ce zagi abin kirki ne ba, tarbiyyarmu ta hana shi. Amma ku lissafa da kanku. Yaro ya yi barkwanci, bulala 20. Wanda ya biya miliyan 20 aka saƙa ƙarya, bulala nawa ya sha?

Ga kuma misalin da ya fi kowanne. A watan Oktoba 2018 ɗan jarida Ja'afar Ja'afar ya fitar da bidiyon da aka yi zargin yana nuna Gwamna Ganduje yana karɓar daloli. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗa shi aka yi, ya kai ƙara kotu. Ba mu ne alƙalan wannan magana ba. Amma ku ƙaddara a ce dokar 2019 tana aiki a ranar. Da ba sai an je gaban alƙali ba, da takarda guda daga ofishin 'yan sanda ta isa a goge bidiyon a kama duk wanda ya tura shi, tun kafin kowa ya bincika. Dokar da za ta hana ƙarya fita ta wannan ƙofa, ita ce dai za ta hana gaskiya fita.

Dattawanmu sun san wannan hanya, jiki magayi. A zamanin En'e, ɗan hamayya ba ya yin lacca sai da takardar izini daga hukumar da yake suka, in ya yi magana a ce ya zagi sarki, a kai shi gaban alƙali, a ɗaure. Mutanen Malam Aminu Kano, wanda babban asibitin nan na Titin Zariya ke ɗauke da sunansa, sun sha wannan tun daga 1950, Hajiya Gambo Sawaba kuwa gidan yari ya zame mata kamar gida. A 1984 sojoji suka kafa Doka ta 4, su ma da sunan hana labarin ƙarya, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. Kullum sunan dokar mai daɗi ne, kullum kuwa mai ƙaramin ƙarfi take kamawa.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba mu ce a naɗe hannu a bar maƙaryata ba. Muna son doka, amma ga irin wadda muke so.

Na ɗaya, dokar ta bi kuɗi. Duk ɗan takara da jam'iyya su bayyana wa Hukumar Zaɓe sunan kowane mutum da kamfani da suka biya don talla a waya da rediyo, da nawa suka biya. Duk saƙon da aka biya kuɗi a kansa a rubuta a jikinsa wanda ya biya. In aka kama ƙarya, hukunci mafi tsanani ya hau kan mai biya, har a iya hana shi takara.

Na biyu, alƙali ne kaɗai zai ce a goge magana, a buɗaɗɗiyar kotu, bayan ya saurari ɓangare biyu, da damar ɗaukaka ƙara. Ba ɗan sanda ba, ba kwamishina ba, ba minista ba. A lokacin zaɓe a keɓe alƙalai masu yanke irin wannan cikin kwana biyu ko uku, don kada a yi zaɓe a gama ana jiran shari'a.

Na uku, a taƙaita laifin ga abin da ke taɓa ƙuri'a da rai: ƙarya a kan rana da wurin zaɓe, sakamako na jabu, cewa ɗan takara ya janye alhali bai janye ba, haɗa murya ko hoton mutum da na'ura, da kiran a kashe ko a ƙona. Sukar gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ba laifi ba ne, ko da ta yi ɗaci. Wanda ya ga an ɓata masa suna ya kai ƙara da kansa kamar kowa, kada ya aiki 'yan sandan da talaka ke biya.

Na huɗu, a matsa wa kamfanonin. Suna cin riba da idanunmu, ya wajaba su ɗauki isassun ma'aikata masu jin Hausa har da karin maganarta da habaicinta, su kuma buɗe littafin tallan siyasa kowa ya gani. Ƙasashen Turai sun kafa doka a 2022 wadda ke iya cin babban kamfani tarar kashi 6 cikin 100 na cinikinsa na duniya a shekara. Ko a nan gida, a watan Yuli 2024 hukumar kare masu saye ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake yi da bayanan mutane. Ashe in an so a kama babba ana iyawa.

Na biyar, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa babu mai ikon rufe intanet ko wani dandali a lokacin zaɓe.

Na shida, Hukumar Zaɓe ta toshe ramin da ƙarya ke kwana a ciki, watau duhu. Ran 25 ga Fabrairu 2023 an yi alkawarin za a ɗora takardar sakamakon kowane akwati a intanet nan take, na shugaban ƙasa kuwa bai hau a kan lokaci ba, sai kowa ya shiga buga nasa. Haka nan a watan Nuwamba 2023, da takardar hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara a kan kujerar gwamnan Kano ta fito wani sashe nata yana saɓa wa abin da aka karanta a kotu, gari ya cika da jita-jita har zuwa ran 12 ga Janairu 2024 da Kotun Ƙoli ta rufe maganar. Ba yaran TikTok ne suka jawo waɗannan ba. A ƙirga a gaban jama'a, a liƙa takarda a bango, a ɗora ta a kan lokaci. Gani ya kori ji.

NAMU AIKIN

Saura mu. Ɗan kasuwa a yau, in mai saye ya nuna masa waya ya ce na tura, ba ya sakin kaya sai ya duba asusunsa ya ga kuɗi sun shiga, domin alat na bogi ya koya wa kowa hankali. To, abin da kake yi wa mudun shinkafa, ka yi wa ƙuri'arka. In saƙo ya shigo, tambayi kanka wa ya fara faɗinsa, yaushe aka ɗauki hoton, wa kuma zai ci riba in ka yarda. In an ce ana faɗa a akwatinku, kira wanda ke tsaye a wurin kafin ka hana iyalinka fita. In saƙon ya zo daidai da abin da zuciyarka ke so, a nan ne ya kamata ka ƙara bincike, gama mai tarko da hatsin da tsuntsu ke so yake ɗana shi. Ƙaryar da aka yi don taimakon ɗan takararka ma ƙarya ce, kada ka tura.

Shugabannin kasuwa da na 'yan waya da na direbobin tashar Unguwa Uku, kuna da zauruka masu ɗaruruwan mutane. Ku kafa ƙa'ida tun kafin zaɓen 2027: wanda ya turo sakamako ba tare da hoton takardar akwati ba, a yi masa kashedi, in ya sake a fitar da shi. Mazaɓu 10 ne a ƙaramar hukumar Tarauni, in kowace ta tsare bakinta an rage aiki.

Sa'an nan duk mai neman kujerar majalisa da ya zo rumfarku neman ƙuri'a, ku tambaye shi a gaban jama'a: in an kawo dokar waya, hannun wa za ka ba mudu, alƙali ko ɗan sanda? Za ka yarda a bayyana waɗanda kake biya? Ku riƙe amsarsa, ku tuna masa ranar da ya dawo. Su kuma masu mulkin yau muna yi musu nasiha, kujera ba ta gado ba ce, sandar da suka sassaƙa yau gobe tana hannun wani.

Allah shi tsare mu da ƙarya, shi kuma tsare mu da masu fakewa da ita. Amin.